Saƙon Inna da na kasa kai wa maigidana

Assalamu alaikum admin da 'yan uwa na wannan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, kar a sa ko harafin farko, mutanen garinmu sun yi yawa a nan, wasu ma da su ake cikin maganar. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri zan ja zance, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda na maƙale ba. Ni malamar firamare ce, ina aure a Boɗinga, amma 'yar Shagari ce ni, can mahaifiyata take, muna ce mata Inna. Wani saƙo ta ba ni in kai wa maigidana, ga shi an kwana biyu yana bakina, na kasa faɗa na kasa haɗiyewa, abinci ma ya daina yi min daɗi.

Maigidana sana'arsa ajiyar albasa. Ga waɗanda ba su sani ba, idan aka cire albasar rani tana yin arha kamar a ba ka kyauta, to shi sai ya saye ta da yawa ya zuba a rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa sama da ƙasa a rufe da ciyawa don iska ta riƙa ratsawa, ya bar ta nan har damina ta wuce albasa ta yi wuya, sannan ya buɗe ya sayar wa masu lodi zuwa kudu. Kowa na iya yin haka, abin da ya raba shi da saura ido ne da haƙuri. Mutumin nan zai ɗauki albasa ɗaya cikin tsibi, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci, ya ce wannan ba za ta ga ƙarshen damina ba, ko kuma ya ce a auna duka, kuma yadda ya faɗa haka take zama. Idan kasuwa ta ɗan motsa kowa ya rikice ya fara fitar da kaya, shi sai ya ce a ba shi shayi. Sai kowa ya gama sayarwa ya koma yana cizon yatsa sannan zai buɗe nasa.

Da farko da kuɗinsa yake yi. Sai wani abokinsa ya ce ga nawa ka haɗa da naka, in an sayar a raba riba. Abokin ya samu abin da ya canza mashin, shi ke nan labari ya bazu. Malaman makarantarmu suka fara kawowa, 'yan fansho, mata masu adashi, mahauta, har daga Dingyaɗi da Shagari ake zuwa, mutum ya yi sallama da kuɗi ƙulle a leda ya ce a sa shi a layi. Suka sa masa suna Banki, ya bi shi har yara ba su san sunansa na yanka ba. Ya buɗe musu guruf a wasaf yana tura hoton rudu da farashin kasuwa. Kuma Allah shaida ne, ni ma shaida ce tunda ni ke kai ruwa zaure, babu wanda ya karɓi kuɗinsa bai ce masa wannan kasuwa ce ba, a ci riba tare in an faɗi a ɗauka tare. Sai su yi dariya su ce haba Banki, kai dai karɓa, hannunka ba ya faɗuwa. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi min daɗi. In na je biki ana tashi a ba ni kujera, ga matar Banki nan, a zuba min nama ya fi na kowa, ina fira ana dariya ko da abin dariyar bai kai ba.

Duk wannan rububin mutum ɗaya ce ba ta taɓa sa ko kwabo ba, Inna. Na roƙe ta ya fi a ƙirga, in ce Inna bare na cin arziki da surukinki ke kina kallo, ta ce min ba a kasuwa da suruki, kar in sake kawo mata zancen. Sai kun san irin kunyar gidanmu za ku gane. Inna jinin Fulani ce, tun da aka ɗaura mana aure ita da maigidana ba su taɓa haɗa ido ba. In mun je Shagari daga bakin ƙofa yake cire takalmi, ya tsuguna a bayan zana ya yi gaisuwa, ita kuma ta amsa daga cikin ɗaki da mayafi a fuska, an kwan lahiya, ya yara, madalla, a gaida gida, ya tashi ya koma waje wurin maza. Bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, lambar wayarsa ma ba ta da ita, in ta samu ba za ta kira ba. Duk abin da zai shiga tsakaninsu ta bakina yake bi. In ya yi mata alheri ni ke kaiwa, in ta yi godiya ni ke dawowa da ita, haka muke tun farko kuma ban taɓa ganin nauyin abin ba sai yanzu.

To sai abu ya juya, shekara uku a jere. Ta farko damina ce ta yi nauyi, iska ta jiƙe, albasa ta fara zubar da ruwa tun daga ƙasan rudu. Ba tasa kaɗai ba, ta kowa ce, amma tasa ce ta fi yawa don haka warinta ne ya fi tashi, in ka biyo hanyar sai ka toshe hanci. Aka tsince abin da ya tsira aka sayar, mutane suka samu uwar kuɗinsu da ƙyar babu riba. Suka ce ba komai Banki, daga Allah ne, baɗi ka rama mana. Shekara ta biyu albasa ta yi kyau ba ruɓa ko kaɗan, sai dai duk wanda ya taɓa ganin yadda yake yi ya je ya kafa nasa rudu, kowa ya zama gwanin haƙuri, kowa ya riƙe kaya, aka zo aka buɗe lokaci ɗaya, ga kuɗin mota ya tashi masu lodi suna ja da baya, farashi ya zube ƙasa warwas. A nan aka yi asara ta gaske. Motarsa ya sayar ya cika wa tsofaffi da zawarawa uwar kuɗinsu duk da ba haka aka yi da su ba, na yi masa magana ya ce ba zai iya kallon tsohon da ya ba shi kuɗin fanshonsa ya miƙa masa rabi ba. Ina so ku riƙe wannan, yau babu mahaluƙi ɗaya da ke bin mijina bashi.

Shekara ta uku ita ce ta kashe mu, kuma ita ce in na tuna sai zuciyata ta riƙa tafasa. Waɗanda suka rage da shi sun riga sun tsorata, tun damina ba ta yi nisa ba suka fara kira, Banki yaushe za a buɗe, Banki an ce ta fara motsi. Ya ce su yi haƙuri, bana albasa ba ta da yawa a ƙasa, wanda ya riƙe zai ga abin mamaki. Suka ƙi ji. Suka haɗo tawaga suka zo har zaurenmu, kuma wanda ya ja gaba wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Yaya, shi ma yana da kuɗi a ciki. Ina daga ciki ina jin su, suka ce haƙurinsa ne ya cuce su bara, suka ce taurin kai ne da shi, wani ya ce ko dai babu albasar ne a je a buɗe a gani. Wannan kalmar ce ta karya shi. Washegari ya kira masu lodi ya sayar da komai, aka samu 'yar riba da ba ta taka kara ta karya ba, ya raba wa kowa nasa. Wallahi ba a yi nisa ba albasa ta yi tashin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Waɗanda suka koyi sana'ar a gindinsa suka riƙe nasu suka yi kuɗi, wani har ya rushe gidansa na ƙasa ya yi na bulo. Su kuma waɗanda suka tsare shi ya sayar, su ɗin dai, suka koma suna cewa ai shi ne masani, me ya sa ya biye musu, da ya san aikinsa da bai saurare su ba. Ku ji min mutane don Allah!

Daga nan ban san irin maganar da ba a yi ba. An ce ya sayar da tsada a ɓoye ya kawo musu lissafin ƙarya, an ce ya sayi fili a Sakkwato da sunana, ni da ko kaza ban da ita a Sakkwato. An ce dama ba iyawa ba ce wani abu ne aka ba shi kuma wa'adinsa ya cika. Sunan Banki ya koma abin tsokana, sai ya wuce majalisa wani ya ce yau banki ba netwok, a kwashe da dariya. Masu jiransa a ƙofar masallaci don su riga kowa gaisawa yanzu daga nesa suke ɗaga hannu. Ni kuma in na shiga ofishin malamai sai fira ta mutu, kowa ya kama duba waya, a biki in nemi tabarma da kaina. 'Yata ta dawo daga Islamiyya tana kuka wai an ce babanta ya ci kuɗin mutane, sai na hau ta da faɗa, daga baya na shiga ɗaki na yi nawa kukan. Guruf ɗin nan da ya cika har ana roƙon a sa mutum, suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya ba ko sallama. Ranar nan na duba, saura shi, da ni, da lambar wani dattijo da ya rasu bara. Bai goge guruf ɗin ba har yau.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai ku, mijina ba shi ne na da ba. A waje yana daurewa, wanka, shadda, murmushi, amma ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san abin da ya rage. Ya rame, ba ya cin kirki, magana in ba dole ba ba ya yi. Wanda ya fi tayar min da hankali, ya daina yarda da idonsa. Kwanaki aka kawo masa samfurin albasa, na ga ya ɗauki ɗaya ya danna ya sansana ya ajiye, ya sake ɗauka ya juya ta ya juya ta, sai ya miƙo min ya ce Malama ke me kika gani. Ni! Ni da iyakar sanina da albasa in yanka ta a miya in yi hawaye. Na yi dariya don kar ya gane. Yau ya ce bana riƙewa za a yi har ƙarshe, gobe ya ce a'a wanda ya ga riba kaɗan ya saki, jibi ya ce shi ya bar sana'ar ma gaba ɗaya. Duk da haka kullum da safe sai ya tafi wurin rudu, yana canza karan da ya ruɓe, yana gyara ciyawa, rudun da abin da ya rage a hannunsa ko kusurwa ɗaya ba zai cika ba. Gidan yanzu albashina ne ke riƙe da shi. Sau ɗaya ya taɓa ce min, yana kallon ƙasa, da mutum ɗaya zai yarda da shi bana, ɗaya tak, da ya san bai mutu ba.

Ana cikin haka Inna ta je taron suna a garin Horo Birni. Ƙanwar babanmu da suka je tare ita ta ba ni labari, wai mata na zaune ana cin tuwo sai aka ɗauko zancen, ba su ma damu da tana wurin ba, wata tsohuwa har ta juyo ta ce mata ke ma dai Allah ya so ki da ba ki ba shi ba, kin san halin surukinki tun da wuri. Inna ta wanke hannu ta yafa mayafi ta nemi mashin ta koma gida, ko rabon goro ba ta tsaya ba. Washegari ta sa aka kira ni a waya ta ce in zo tana nemana. Na tafi, na ɗauka ciwon ƙafarta ne ya tashi.

Na same ta a bayan ɗaki wurin saniyarta. Bari in gaya muku matsayin saniyar nan. Bayan rasuwar babanmu da aka raba gado, da ciwon da ya shiga garke daga baya, abin da ya rage wa Inna ke nan a duniya, bokolo ce fara, jikar saniyar da aka kawo ta da ita gidan aure. Nononta take damawa ta sha, ta sayar da saura, ta tara man shanu ta aiko wa jikoki. Da ita take sayen sabulu da goro da maganin ƙafa, da ita take yin gudummawar biki ba ta miƙa wa kowa hannu ba, kuma Inna mace ce da gara ta kwana da yunwa da ta ce wa ɗanta ba ni. Har fira take yi da saniyar nan, in ta ƙi cin dusa ta yi mata faɗa kamar mutum. To a nan tana shafa wuyanta, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Ki tahi ki hwaɗa ma mijinki ni na aiko ki. Saniyag ga za a kai kasuwa, shi amshi kuɗin, shi sayi albasa shi aje. Kuma ba ɓoye nika so a yi ba, kowa shi ji inda kuɗin sunka tahi."

Na ce Inna ba ke kika ce ba a kasuwa da suruki ba? Ta ce wannan ba kasuwa ba ce. Ta ce lokacin da duniya ke binsa me zai yi da saniyarta, yanzu ne take da amfani. Na ce in aka yi asara fa, da me za ki zauna? Ta ce wanda ya ciyar da ita kafin a haifi saniyar yana nan bai tafi ko'ina ba. Na buɗe baki zan gaya mata halin da yake ciki, cewa mutumin da take tunani ba shi ne a gidan ba yanzu, na fara ke nan ta ɗaga min hannu ta ce ba ta tambaye ni sirrin ɗakina ba, kar in kuskura in kwance wa mijina zane a gabanta. Da na tashi tafiya ta ba ni kwalbar man shanu, ta raka ni har bakin zana, sannan ta ƙara da maganar da ta ɗaure ni, "Ki ce mai in ya maido min, to bai ɗauke ni uwa ba."

Ban kai tasha ba Yaya ya kira ni, ashe ya ji, tunda shi ta ce ya nemo mai jan saniyar. Shi ɗan fari ne, Inna ko sunansa ba ta faɗa balle ta zauna musu da shi, da ya yi magana ce masa kawai ta yi saniyarta ce. Don haka a kaina ya sauke. Ya ce in na bari abin nan ya faru ni na cuci Inna, ya ce mijina ya gama yawo da hankalin gari saura na tsohuwa, ya ce ranar da albasar ta ruɓe in shirya ɗaukar cinta da shanta da maganinta ni kaɗai. Na ce masa Yaya kai ne fa ka ja mutane zaurenmu, da ka bar shi da yanzu wani zance ake, ya ce kar in yi masa rashin kunya. Muka yi sama-sama har mai mashin yana waiwayena. Da ya huce sai ya sake kira ya kawo shawara, kuma shawarar ce ta hana ni sukuni. Ya ce abu mai sauƙi ne, kar in gaya wa mijina komai, in bari kwana biyu in koma in ce wa Inna ya gode ƙwarai amma bana ba zai karɓi kuɗin kowa ba. Ya ce Inna ba za ta taɓa tambayarsa ba, shi ba zai taɓa tambayarta ba, har su koma ga Allah maganar ba za ta haɗu ba, daga ni sai shi Yaya muka sani.

Kuma gaskiyarsa ne, ba za a taɓa kama ni ba, abin da ya sa nake jin tsoron shawarar ke nan. In na bi ta saniya ta tsira, Inna ta ci gaba da shan nononta. Amma za ta zauna har ƙarshen ranta da cewa ta ajiye kunyarta ta shekara da shekaru ta miƙa masa hannu ya mayar, kuma na san Inna, ba za ta ce komai ba, gaisuwar bayan zanar ce kawai za ta yi sanyi shi kuma bai san laifin da ya yi ba. Sannan mutum ɗayan nan da yake roƙon Allah ya ba shi, an ba shi, ni matarsa na tare a hanya na ɓoye. In kuma na faɗa masa, kar wani ya ce min ai sai ya ƙi karɓa, ba zai iya ba, wanda bai iya shan ruwa a gabanta ba ta ina zai mayar mata da saƙo irin wannan? Zai karɓa, a ja saniya kasuwa gari na kallo, duk masu dariya su zuba ido su ga yadda Banki zai yi da saniyar surukarsa. Wataƙila hakan ya tashe shi ya dawo mutum. Wataƙila kuma nauyin ya ƙarasa shi, ya firgita ya sayar da wuri ko ya ƙanƙame har ta ruɓe, kuma in ya faɗi da saniyar Inna wallahi ban ga yadda zai sake taka Shagari ba, ban ma ga yadda zai sake ɗaga kai a cikin gidansa ba.

Ga abin da ya fi ci min rai. Na yi faɗa da Yaya a kansa, na daina gaisawa da mata da yawa a kansa, duk wanda ya ce ya ci amana zan rantse da Alƙur'ani bai ci ba. Amma da aka ce saniyar uwata ce za a sa a hannunsa, sai na ji zuciyata ta ja baya. Ashe ni ma ban sani ba ko na yarda da shi. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin fuskarsa da kyau ba ta yarda, ni da na haifa masa 'ya'ya ina lissafi. Masu cewa ki yi addu'a na gode, ina yi, na yi istihara ban ga komai ba sai ƙarin ruɗewa. Masu cewa ki ba shi naki kuɗin, albashin nan kafin wata ya raba ya ƙare a hatsi da kuɗin makaranta, ban da abin da zan sayar da ya kai ƙafar saniya ɗaya.

Lokaci kuma ba ya jirana, ana ta cire albasa yanzu, in arhar ta wuce maganar ta mutu da kanta. Jiya Inna ta sa aka kira ni, tambaya ɗaya ta yi, kin hwaɗa mai? Na ce ban samu zama da shi ba, ta ce ran kasuwa mai zuwa za a ja saniya, in kawo mata amsa kafin nan. Yau da safe na zuba masa man shanun nan a ɗumame, ya ɗanɗana ya gane na Shagari ne, sai ya ajiye cokali. Ya ce, "Malama, su Inna sun ce wani abu a kaina?" Na ce kamar me? Ya ce maganganun da ake yi, ko sun kai can. Ya ce duk garin nan kowa ya faɗi abin da yake so ya saba, ita dai yake roƙon Allah kar ta ji, don in ta ji bai san da wace ƙafa zai je ya tsuguna a bayan zanar nan ba. Saƙon ya zo min har kan harshe, wallahi har na ja numfashi. Sai na ji bakina ya ce, ta dai ce a gaishe ka. Ya ce alhamdu lillahi, ya cinye ɗumamensa tas, rabon da in ga haka an daɗe, ya ɗauki igiya da wuƙa ya tafi gyaran rudu.

'Yan uwa ku dube ni da idon rahama, kar ku zage shi, kar ku zagi Inna, in zagin ne ni ku zaga. In bi shawarar Yaya in yi wa uwata ƙarya in tsirar mata da saniyarta, in bar mijina yana gyaran rudun da ba abin zubawa? Ko in isar da saƙo yadda aka ba ni, in tsaya ina kallo a ja abin da Inna ta mallaka a duniya a sa a hannun da ni kaina na ga yana rawa? Matan aure da iyaye mata da malaman da ke gidan nan, in ku ne ni me za ku yi? Zan bi komen ɗaya bayan ɗaya. Anjima kaɗan zai dawo cin abincin rana, ni zan ajiye masa kwano in zauna a gabansa, kuma har yanzu ban san abin da zan ce masa ba.